Mako Biyar a Samaru, Ban San Ko'ina Ba Sai Aji da Masallaci

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 19 daga wani ƙauye a jihar Jigawa, kuma bana Allah ya ba ni gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Yau makona biyar a Samaru, amma ban san ko'ina ba in ban da ɗakin kwanana da wuraren da muke ɗaukar lacca da masallaci. Girman makarantar yana ba ni tsoro, kuma ina jin nauyin yin tambaya don kada a gane ni baƙauye ne, domin sunan Jambito da tsofaffin ɗalibai ke kiranmu yana sosa mini rai. Ban da haka, ranar da zan taho mahaifina ya ja mini kunne cewa karatu ya turo ni, ba yawo ba, saboda haka ko na ji sha'awar zagayawa sai in ga kamar zan saɓa masa. Yanzu kuma ya aiko cewa shi da mahaifiyata za su zo ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai, kuma yana so in zagaya da su su ga makarantar. Shi manomi ne, bai taɓa taka cikin jami'a ba. Ina zan kai su alhali ni ma ban san wurin ba?

Wa alaikumus salam, ɗana. Ina taya ka murna, Allah ya sa ka fara a sa'a, ya kuma sa ka gama lafiya. Kafin in ambaci sunan wuri ko guda, ina so mu warware maganar mahaifinka, domin na lura ita ce ta ɗaure maka ƙafa fiye da girman makarantar. Da ya ce ba yawo ya turo ka ba, yawon banza yake nufi, wato bin abokai marasa kan gado, da kwana a gari, da zaman da ba ya haifar da komai sai asarar lokaci da kuɗin guzuri. Bai hana ka sanin gidan da za ka zauna shekara huɗu ko biyar a cikinsa ba, kuma shaidar haka tana cikin wasiƙarka, tun da shi da kansa ne ya ce ka zagaya da su. Manomin da ya sayi sabuwar gona ba ya fara shuka sai ya bi iyakokinta da ƙafa, ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda jigawa take da inda dabbobi ke ratsawa, kuma na tabbata da za ka faɗa masa haka zai ce ai shi ma abin da yake nufi ke nan.

Batun Jambito kuwa, kada ka ba shi muhimmancin da ba shi da shi. Duk wanda ya kira ka da wannan suna, bara ko bara waccan shi aka kira da shi, kuma baɗi kai ma sai ka yi da gaske kafin ka hana bakinka kiran wasu. Ni da nake ba ka shawarar nan na yi zangon karatuna na farko cur ban shiga babban ɗakin karatu ba, ba don an hana ni ba, sai don na ga ana ajiye jaka a ƙofa ban san ƙa'idar ba, kuma na ji kunyar tambaya. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma na ga sakamakonsa a jarrabawa. Matambayi ba ya ɓata, sai dai ka san wanda za ka tambaya: masu gadi da masu shara da masinjojin ofisoshi sun fi kowa sanin lungunan makarantar, da yawansu sun shekara ashirin ko fiye a ciki, kuma idan ka yi musu sallama cikin ladabi ka gaishe su da aiki, wani ma sai ya taka maka har inda za ka.

Ka zaɓi safiyar Asabar, ka sa katin shaidarka a aljihu, ka nemi abokin ɗaki ko ɗan ajinku guda ɗaya wanda shi ma sabo ne, ku tafi a ƙafa. Na ce a ƙafa domin wanda ya hau babur ko Keke Napep wurin da aka sauke shi kawai zai sani, hanyar ba za ta zauna masa ba. Ku fara daga babbar ƙofar da ke kan titin Sakkwato, ku nufi dogon ginin nan na hukumar jami'a da kowa ke kira Sanet. Ka riƙe wannan gini a matsayin alamarka, domin ana hango shi daga sassa da yawa na makarantar, kuma duk ranar da ka rikice, ɗaga kai kawai za ka yi ka nemo shi, sai hanya ta dawo maka. A wannan yanki ne manyan ofisoshi suke, kuma ba da nisa ba akwai dandalin da ake taron yaye ɗalibai, wanda aka sa wa sunan Manjo Janar Mamman Kontagora, sojan da ya riƙe jami'ar a matsayin kantoma a shekarun 1990.

Tun da mahaifinka zai yi maka tambayoyi, kuma dattawa suna son a ba su asalin abu, ya kamata ka san ɗan tarihi. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, shi ne Uban Jami'a na farko. Shugabanta na farko Bature ne ɗan ƙasar Niyuzilan mai suna Norman Alexander, sannan a 1966 Dakta Ishaya Audu, likitan yara haifaffen Anchau, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, ya kuma riƙe ta har 1975. Ba sai ka haddace wannan daga littafi ba, domin rabinsa yana rubuce a jikin ɗakunan kwanan da kake wucewa kullum. Amina, inda ɗalibai mata suke, sunan Sarauniya Amina ta Zazzau ne. Ribadu na tunawa da Muhammadu Ribadu, ministan tsaron Nijeriya a Jamhuriya ta Farko. Ramat sunan Janar Murtala ne, Danfodio kuwa ba ya bukatar bayani. Wanda yakan ba sababbi mamaki shi ne Akenzua, domin ba sunan Arewa ba ne: Oba na Binin ne, Akenzua na Biyu, wanda ya zama Uban Jami'a bayan rasuwar Sardauna, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa tun farko ba a gina makarantar don ƙabila ɗaya ba.

Daga nan sai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wanda ɗalibai ke taƙaita sunansa su ce KIL, kuma an sa masa sunan Sa Kashim Ibrahim ne, mutumin Barno da ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Wannan kada ka tsaya a kallonsa daga waje kamar yadda na yi. Ka shiga, ka tambayi ma'aikacin da ke teburin farko yadda ake rajista, ka hau benen hawa bayan hawa ko da ba ka da niyyar karanta komai a ranar, ka gano inda littattafan fanninka suke, ka leƙa sashen jaridu da mujallu da kuma inda ake ajiye rubuce-rubucen da suka shafi Afirka da kundayen binciken da ɗaliban baya suka rubuta. Ka nemi wata kujera kusa da taga ka ɗauke ta a ranka a matsayin taka. Idan jarrabawa ta matso wurin zai cika har a rasa masaka tsinke, kuma waɗanda suka saba da shi tun farkon zango su ne suka san lokacin da ake samun wuri.

Wurin da na fi so ka ba lokaci shi ne lambun sassaƙe-sassaƙe da ke sashen koyar da zane da fasaha. Fili ne mai inuwa da aka cika da ayyukan da ɗalibai suka yi shekara da shekaru, wasu da siminti, wasu da ƙarafa da tarkacen injina da aka liƙa da walda, kuma za ka ga siffofin mutane da na dabbobi, da wasu da sai ka zagaya su sau biyu kafin ka gane abin da mai aikin yake nufi. Wasu sun dushe saboda ruwa da rana, gansakuka ta hau su, wasu kuma sababbi ne fil. Sashen nan ya girmi jami'ar kanta, domin ya samo asali ne daga tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya da aka gina jami'ar a kan harabarta, kuma a nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Abin da suka tsaya a kai shi ne ba za su ci gaba da kwaikwayon zanen Turawa ido rufe ba, za su haɗa dabarun da aka koya musu da zanen da suka gada a garuruwansu, kuma daga baya kusan dukkansu sun zama manyan masu fasahar Nijeriya. Samari ne kamarka a lokacin, wasunsu ma baƙi ne a ƙasar Hausa, nesa da gida fiye da yadda kake nesa da Jigawa.

Sai dai a nan ina da jan hankali. Kai ka san iyayenka, ni ban san su ba, amma na san dattawanmu da yawa ba sa sakin jiki da mutum-mutumi, kuma mai yiwuwa ne mahaifinka ya ga wurin ya ce gumaka ne, ya koma gida da damuwar cewa ga irin abin da ake koya wa yara. Ka je kai kaɗai tukuna ka gani da idonka. Idan ka ga zai iya fahimtar cewa aikin hannu ne na ɗalibai da ake ba su maki a kansa, ba abin bauta ba, to ka kai shi. Idan kuwa kana shakka, ka bar shi, domin ba dole ne a nuna wa baƙo komai a rana ɗaya ba, kuma ranar farin ciki ba ranar gardama ba ce.

Inda ba na shakkar zai burge su shi ne gidan wasan kwaikwayon da ake kira Drama Village. A tsakiyar manyan gine-ginen siminti sai ka tarar da gini na ƙasa irin na gida, da ɗakuna zagayayyu kamar zaure, da katanga mai ado, da fili a tsakiya inda ake yin wasa mutane suna zaune a kewaye, kamar yadda ake zama a dandali. An gina shi a tsakiyar shekarun 1970, kuma wanda ya zana shi wani Ba'amurke ne mai suna Steven Ehrlich, wanda ya koyar da zanen gine-gine a jami'ar, ya kuma ɗauko tsarin daga gidajen Hausawa da ya gani a Zariya da kewayenta. Ka tsaya ka dubi kaurin bangon, ka shiga ɗaya daga cikin ɗakunan da tsakar rana ka ji yadda sanyinsa ya bambanta da na ajin da kake ɗaukar lacca. Kai da kake jin kunyar a ce maka baƙauye, ga ginin ƙauyenku an kawo shi tsakiyar jami'a, masana daga ƙasashen waje suna rubutu a kansa. Mahaifiyarka za ta gane kowane lungu nasa ba tare da an yi mata bayani ba, wataƙila ma ita ce za ta nuna maka inda yaɓen ya yi kyau da inda magini ya yi ha'inci. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo sukan yi gwaji a wurin da yamma, kuma idan ka yi sallama ka zauna gefe ba tare da ka dame su ba, da wuya a kore ka.

Akwai wuraren da ba na kallo ba ne, amma sanin su wajibi ne, kuma a zagayen farko ya kamata ka gano su. Na farkonsu asibitin makaranta ne, wanda ake kira Sikbe, domin daren da zazzaɓi ya rufe ka ko ya rufe abokin ɗakinka ba lokacin neman hanya ba ne. Ka san ofishin jami'an tsaro, da ofishin kula da harkokin ɗalibai, da kasuwar cikin makaranta, da filayen wasanni, da ƙofar arewa wadda ake fita ta cikinta zuwa garin Samaru. Babban masallaci ka riga ka san shi, amma ka san inda majami'un Kirista suke su ma, na Katolika da na sauran ɗariƙu, saboda wata rana wani baƙo zai tare ka ya tambaye ka, kuma abokan karatunka da yawa can suke ibada.

Ta can ƙasan makarantar akwai madatsar ruwan da aka yi a kan rafin Kubanni, wadda jami'ar ke samun ruwan sha daga gare ta. Rafin nan shi ne ya ratsa Zariya ya je ya faɗa kogin Galma. Wuri ne mai iska da tsuntsaye, kuma daga wajajen nan, idan babu hazo, ana hango Dutsen Kufena, wanda ke cikin tsofaffin mazaunan Zazzagawa tun kafin birnin Zariya na yanzu ya kafu. Yana da kyau mutum ya je ya huta da hayaniyar ɗakin kwana, amma da sharuɗɗa waɗanda ba na wasa da su: kada ka je kai kaɗai, kada ka kai magariba a can, kada ka shiga ruwan ko da ka iya iyo a kududdufin garinku, domin ruwan madatsa yana da zurfi da laka a ƙasa, kuma ka tambayi jami'an tsaro tukuna ko an yarda a je a wannan lokacin. Gefen makarantar daji ne, kuma halin da ƙasa take ciki ba sai na faɗa maka ba. Iyayenka kam ba sai ka wahalar da su zuwa can ba.

Yanzu ga wurin da nake ganin saboda shi kaɗai ma tafiyar mahaifinka ta biya. A nan Samaru, kusa da babbar harabar, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR. Ta faro ne tun 1922 a matsayin tashar gwajin shuke-shuke ta Lardunan Arewa, wato ta girmi jami'ar da shekara 40, kuma da aka kafa jami'ar sai aka haɗe ta da ita. Aikinta shi ne inganta irin dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, kuma duk irin da ta fitar sunansa yana farawa da SAM, wato Samaru: SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. Ka tambayi mahaifinka ko ya taɓa ganin waɗannan haruffa a jikin ledar irin da yake saye ko wanda malaman gona ke rabawa; da wuya a ce manomin gyaɗa ko wake a Jigawa bai taɓa cin karo da su ba, ko da da wani suna ake kiransu a kasuwar ƙauye. A nan ne kuma aka fitar da waken nan SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka yi shi don ya jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Kusa da ita akwai cibiyar NAERLS, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma ta rediyo da ƙananan littattafai, har da na Hausa.

Ka je kwana biyu ko uku kafin su zo, ka yi sallama a ƙofa, ka ce kai ɗalibi ne, mahaifinka manomi zai zo daga Jigawa, kana so ka san ko za a bar ku ku ga wani abu, da kuma inda ake sayar da iri. Gonakin gwaji ba a shiga su kai tsaye, kuma ba a tsinkar ko ganye ɗaya, domin kowane layi yana da lamba kuma aikin wani ne na shekaru. Idan damina ce za ku ga ƙananan fuloti a jere, kowanne da allonsa, wannan dawar ta fi mutum tsayi, ta kusa da ita ba ta wuce ƙugu ba amma kanta ya fi nauyi. Idan rani ne sai dai kara da kunya, amma ko su manomi yana karanta su. A wannan wuri kai ne za ka koma ɗalibi shi ya zama malami, ka ƙyale shi ya yi ta bayani, kada ka katse shi.

Wasu wuraren kuma sai dai ka nuna su da baki. Cibiyar binciken makamashi, inda aka ƙaddamar da ƙaramin injin nukiliya na bincike na farko a Nijeriya a 2004, ba a shiga sai da izini, kuma kada ka tsaya ɗaukar hoto a ƙofarta. Harabar Kongo, inda ake koyar da shari'a da harkokin mulki kuma inda ɗakin karatu na Shugaba Kennedy yake, da asibitin koyarwa na Shika, ka bar su sai wani ƙarshen mako, idan ka saba da motocin da ke jigila. Ƙananan jiragen da za ka riƙa ji suna shawagi a sama kuwa na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne da ke nan Zariya, ba na jami'ar ba, domin na san mahaifiyarka za ta tambaya.

Ranar bikin makarantar za ta cika da baƙi da masu ɗaukar hoto da masu sayar da abinci, kuma dattawan za su iso a gajiye, saboda haka kada ka yi ƙoƙarin nuna musu duk abin da na lissafa. Ka tare su a babbar ƙofa da kanka, kada ka ce su neme ka ta waya. Bayan an gama rantsuwa ku ɗauki hoto a gaban Sanet kana sanye da rigar, ku wuce ta gaban ɗakin karatu ka nuna musu tagar da kake zama kusa da ita, ku shiga Drama Village su huta a inuwa su sha ruwa, sannan ku yi azahar a babban masallaci. Ka tanadi kuɗin Keke Napep saboda mahaifiyarka, kuma ka tambayi wata ɗaliba 'yar ajinku tun da wuri inda mata baƙi ke alwala da hutawa, domin wannan shi ne abin da samari suka fi mantawa. Bayan sun ci abinci sai ku tafi cibiyar aikin gona tun ma'aikata ba su tashi ba, kuma ka faɗa wa mahaifinka tun yana gida ya zo da ɗan kuɗi a aljihu da buhu ƙarami, ko Allah zai sa a dace da irin da zai koma da shi.